Gawayin totuwa da ruwan galura: rubutun aiki daga Zariya

19 ga Oktoba

Tambayar da na sa a gaba ita ce, shin gawayin da aka yi da sharar gona zai iya cire galura daga ruwan da masu rini ke zubarwa, da kuɗin da mai rinin gida za ta iya biya? Sharaɗin kuɗin nan shi ne jigon aikin. Gawayin kamfani, wanda ake buɗe ƙofofinsa da tururi a zafin digiri 800 zuwa sama, an daɗe da sanin yana yi. Idan aka shimfiɗa bangon ramukan da ke cikin giram ɗaya nasa, sukan kai murabba'in mita 1,000. Sai dai babu wadda za ta sayi irin wannan saboda ruwan da kwata zai tafi.

Goggona tana rinin shadda da yadi a cikin gida a Tudun Wada. Ba karofi gare ta ba, baho ne da tukunyar ruwan zafi. Galurar a ƙulle take sayenta a leda, babu suna babu takarda, ta haɗa da soda da hodar haidirosalfait mai warin farar wuta. In ta gama, yara su kwara ruwan a kwata. Kwata ta miƙa wa rafin Kubanni, Kubanni ta zuba a kogin Galma, Galma ta nufi Kogin Kaduna. A gaɓar Kubanni da Galma kuwa masu lambu ke jan ruwa da inji duk rani, suna ba latas da kabeji da tumatir da alayyafo.

Ba na son zuzuta abin. Baho ɗaya bai kama ƙafar abin da unguwannin masana'antu irin su Kakuri a Kaduna, ko Calawa da Sharaɗa a Kano, suka sani ba. Amma masana'anta tana da adireshi, hukumar kula da dokokin muhalli ta NESREA da aka kafa a 2007 ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Bahunan da ke cikin gidaje babu mai ƙirga su.

Kaka ta yi, masara ta shigo daga Giwa da Soba, totuwa ta yi tsibi a wajen masu injin sussuka. Ita na zaɓa, da ɓawon gyaɗa, da buntun shinkafa. Karan dawa na bar shi, yana da masu shi: danga, dabbobi, murhu. Tukar rake ma haka, masu mazarƙwaila na Maƙarfi da ita suke hura wutarsu.

2 ga Nuwamba

Mai walda a Sabon Gari ya gama mini durowa biyu, ƙarami mai cin lita 60 da babba mai cin 200. Ana cika ƙaramin da busasshiyar totuwa, a kife shi cikin babban, a zagaye shi da kirare, a kunna daga sama. Iska ba ta samun shiga ƙaramin, saboda haka totuwar ba ci da wuta take ba, dahuwa take a bushe. Da farko ruwan jikinta ke fita, hayaƙi fari tas. Sai ya koma rawaya mai yaji, kwalta ke nan. Can sai gas ya fara fitowa ta ƙasa ya kama da wuta, hayaƙi ya ɗauke, duron ya shiga ruri yana ciyar da kansa. Da rurin ya mutu sai a toshe ko'ina da laka a bar shi ya kwana. Wanda ya buɗe da zafi, toka zai kwasa.

Ba ni da ma'aunin da ke kai wannan zafi, shi ya sa nake ƙonawa da magariba. Ƙarfe yakan fara yin ja-ja a cikin duhu idan ya haura digiri 500 kaɗan, kuma nan nake so. Idan zafin bai kai 400 ba, kwalta ke toshe ramukan. Idan ya wuce 700, ramuka sun ƙaru amma gawayin ya ragu, toka ta yi yawa. Daga buhun totuwa abin da ya fito bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta ba.

Wani dattijo mai sayar da gawayi a layinmu ya ɗauki ɗaya ya karya, ya duba cikinsa, ya saki wani a kan siminti don ya ji ƙararsa, sannan ya murza a tafin hannu ya wanke da ruwa zalla. Ya ce in baƙin ya fita babu sabulu to ya nuna, in ya bar maiƙo da saura. Namu ya fita. Sai ya ce, “Ya nuna kam, Malam, amma wannan ko shayi ba zai dafa ba. Ba shi da nauyi.” Na ce, “Baba, ai rashin nauyin nake nema.” Abin da ya rage nauyin ramuka ne, kuma ramukan ne za su yi aikin.

Buntu ya ƙi duro. Yana cushewa, gefe ya ƙone tsakiya tana ɗanya. Na koma yadda manoman Japan ke yi: a kafa bututu a kan 'yar wuta, a tula buntun a kewaye, baƙin ya riƙa cin tsibin daga ciki zuwa waje, a juya, a kashe da ruwa.

16 ga Nuwamba

Daka da tankaɗe. Goggo ta hana turminta, kuma da gaskiyarta, sai da na sayi tsoho. Na raba gari da tsaki. Dole a ɗaure hanci, ƙurar ba ta da kyau a huhu, musamman ta buntu, wanda kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinsa toka ce, mafi yawanta silika.

Ruwan wanki na farko ya nuna 10 a takardar pH, mai auna tsami ko kaifin ruwa (7 ne tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami, sama da haka kaifi irin na toka da soda), saboda tokar da ke jikin gawayin. An yi ta ɗauraya har ya sauko kusa da 8, aka shanya a kan kwano.

7 ga Disamba

Wani abokina da ke aiki a ɗakin gwaji a Samaru ya ba ni lokaci a kan na'urar auna ƙarfin launi. Muka fara da wani launi shuɗi mai suna metilin-bulu, kamar yadda kowa ke farawa. Tsohon launi ne, Heinrich Caro ya haɗa shi a Jamus a 1876, kuma a 1891 Paul Ehrlich ya gwada shi a kan masu zazzaɓin cizon sauro. Yana shan haske sosai a nanomita 664 (ma'aunin da ke bambanta irin haske), a nan ake saita na'urar: gwargwadon hasken da ya ɓace, gwargwadon launin da ya rage a ruwa.

Miligiram 50 a kowace lita, mililita 100 a kowace kwalba, rabin giram na garin gawayi, a girgiza awa guda, a tace. Na ware kwalba ɗaya babu gawayi a ciki, aka girgiza ta aka tace ta kamar sauran, domin takardar tacewa ita kanta tana shan metilin, kwalbar ma tana riƙe kaɗan. Wanda bai cire wannan daga lissafi ba, yabon takarda zai ba gawayi.

Totuwa da ɓawon gyaɗa sun wanke ruwan har ido ba ya ganin shuɗi, sai na'ura ke ganin saura. Buntu ya biyo baya. Gari ya fi tsaki sauri nesa ba kusa ba.

Abubuwa uku ne ke haɗuwa. Ƙwayar metilin tana ɗauke da cajin fozatif, fuskar gawayi kuwa a ruwan da ba tsami negatif ce, sai su ja juna. Na biyu, ƙwayar shimfiɗaɗɗiya ce, zobba uku a jere, gawayin da ya nuna shi ma zobban kabon ne a shimfiɗe, sai ta kwanta a kansa kamar faifai a kan faifai. Na uku, ƙarama ce, tana shiga ramuka.

Abokina ya ce in rubuta takarda. Na ƙi. Metilin ita ce jarrabawa mafi sauƙi da za a ba gawayi, shi ya sa rubuce-rubuce a kanta suka yi yawa a duniya, kowa da ɓawon da ya ƙona. Ga ruwan da aka tace, ga launi ɗaya tak, babu gishiri, babu soda, babu sitaci. Ni ban san mai rinin da ke zubar da irin wannan ruwa ba.

21 ga Disamba

Yau kongo-red, launin da ke da cajin negatif. Ma'auni iri ɗaya, gawayi iri ɗaya, aka saita na'ura a 497. Ruwan ya rage ja amma bai washe ba, ko a kwalbar totuwa. Negatif da negatif ture juna suke, abin da ya manne ta hanyar kwanciya da shiga rami ne kawai, ga shi ƙwayar ta fi ta metilin tsawo. Da muka ɗiga asid pH ya sauko wajen 5, cirewar ta ƙaru. Ba mu sauka ƙasa da haka ba, don wajen 3 launin kansa juyewa yake ya zama shuɗi, na'ura ta ruɗe.

Na zaɓi wannan launi da gangan. An haɗa shi a 1883 daga wani sinadari mai suna benzidin, yana cikin dangin azo, waɗanda su ne mafi yawa a galurar zamani. Idan ƙwayoyin cuta na cikin hanji, ko na laka inda babu iska, suka tsinke mahaɗin azo, wato abin da ke riƙe sassan ƙwayar launin, benzidin ɗin kan dawo, shi kuwa tabbataccen mai jawo sankarar mafitsara ne. Tun 1895 wani likitan fiɗa a Farankfut, Ludwig Rehn, ya lura da wannan ciwo a jikin ma'aikatan masana'antar launi. A 2002 Tarayyar Turai ta haramta irin launukan azo da ke sakin waɗannan sinadarai a tufafi da fatun da ke taɓa jiki. Ba duk azo ke haka ba. Amma ledar da ba ta da suna ba za ta gaya maka daga wane gida ta fito ba.

Wannan ya sa na daina amincewa da ido. Tsinkewar mahaɗin azo tana kashe launi, ruwa ya yi fari, alhali abin da ya saura a ciki yana iya fin launin sharri. Kuma haidirosalfait ɗin da Goggo ke zubawa yana cikin abubuwan da ke tsinke shi. Idan ruwan shuɗi da na ja suka haɗu a kwata ɗaya, launi zai iya raguwa, amma an gudu ne ba a tsira ba.

18 ga Janairu

Ruwan gaske. Na kai wa Goggo jarkoki, na roƙe ta kada a gauraya, kowane launi da jarkarsa. Ta ce, “Ɗan nan, kai da ka yi boko ka rasa abin tarawa sai ruwan kwata?” Amma ta sa yara sun cika.

Takardar pH ta nuna 12 a na shuɗi. Yana da santsi a yatsa, alamar soda, kuma hannun yaran da ke matsar shadda ya isa shaida, duk ya tsattsage, ga hunturu. Na sayo safar hannu ta roba na ajiye musu. Wannan bai shafi gawayi ba, amma ina ganin ya fi duk abin da na yi zuwa yanzu amfani.

Gawayin da ya wanke metilin, da aka zuba shi kai tsaye a wannan ruwa, kusan babu abin da ya yi. Wani kauri mai maiƙo ya lulluɓe shi tun kafin launi ya kai ga ramuka: sitacin shadda, sabulu, da galurar da ta fara dunƙulewa.

Jarkar shuɗin da ta kwana a buɗe ita ta nuna hanya. Da safe saman ya yi wata fata mai ƙyalli, ƙasa ta tara tabo, tsakiya ta yi haske. Na kai wa wani tsoho da ya yi rinin karofi a ƙuruciyarsa, na ce, “Baba, me ya sa haka?” Ya yi dariya ya ce, “Yaro, ai baba ma haka yake. A cikin rami kore-kore ne, sai ka ɗago zane ya sha iska sannan ya zama shuɗi. In ya sha iska kuma ba ya komawa ruwa.”

Abin da littafi ya ce ke nan. Shuni, da na ganyen baba da na kamfani wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, da sauran galurar danginsa, ba sa narkewa a ruwa. Sai an rage musu iskar oksijin a cikin ruwa mai kaifi suke narkewa su shiga zare. Marinan da suna samun kaifin daga toka, ruɓawar ganye ta cinye iskar cikin kwanaki. Goggo tana samun kaifin daga soda, haidirosalfait ya yi aikin ruɓawa cikin mintoci. Da iska ta dawo, launin ya koma gari. Ke nan mafi yawan shuɗin nan ba ya buƙatar gawayi ko kaɗan, iska yake so da haƙuri da yashi. Zuba masa gawayi tun farko ɓarnar gawayi ce.

Ja da ruwan tsanwa mai haske su ne inda gizo ke saƙa. Sun kwana biyu a buɗe ba su kwanta ba. Alamu sun nuna irin galurar nan ce mai narkewa, wadda ake rinawa da gishiri, kuma an san wani lokaci har rabinta kan bi ruwa maimakon zare. Negatif ce, a ruwa mai kaifi, inda gawayi ya fi ture ta. Darasin kongo-red ya dawo.

8 ga Fabrairu

Na jera tsarin a bayan gidan Goggo, mataki-mataki, kowa sama da na gabansa don kada a nemi famfo.

Duro na farko na shan iska ne. A juya da sanda safe da yamma, ko a riƙa ɗebowa da bokiti ana kwararawa daga sama, a bar shi kwana biyu. Ba a rage kaifin ruwan da wani abu mai tsami sai bayan wannan, domin tsami a kan haidirosalfait ɗin da bai mutu ba yana tayar da iskar farar wuta mai shaƙe ƙirji. Na nanata wa yaran wannan har suka gaji da ni. Bayan haka ruwan ɗauraya da ruwan tsamin gasara daga maƙwabciya mai koko suna sauko da pH ƙasa da 9. Abin da aka saba nema a ruwan da za a saki shi ne tsakanin 6 da 9.

Don jan launi na gwada alif da garin ƙwayar zogale. Alif ba ya aiki sai kaifi ya sauka. Ƙwayar zogale tana da furotin mai cajin fozatif, yana kama launin negatif ya dunƙule shi ya kwanta. Ya yi, ba duka ba, amma ya rage wa gawayi kaya. In aka zuba da yawa kuma ruwan ya kwana, wari yake.

Daga nan yashi, sannan gawayi a cikin bututun roba mai faɗin inci 4, tsakuwa a ƙasa, tsumma a sama. Tsaki na sa, ba gari ba. Garin da ya yi fice a Samaru ya toshe bututu cikin yini guda. Ruwan da ke ɗiga a ƙarshe fari ne. Muna ajiye ɗan kaɗan kullum a kwalba a kan farar takarda, ranar da launi ya fara leƙowa gawayi ya ƙoshi, a sauya.

1 ga Maris

Maƙwabta sun ga farin ruwa sun fara tambaya ko a ba awaki. Na hana, na yi gwajin tsiro don in nuna dalili. Irin latas ake amfani da shi a wannan gwaji saboda ba ya jure dafi. Faranti uku da auduga: ruwan rijiya, ɗanyen ruwan rini, da wanda ya bi ta gawayi.

Na rijiya ya tsiro da dogayen saiwoyi. Ɗanyen ruwa ko ɗaya bai fasa ba. Na gawayi ya tsiro, amma saiwoyin gajeru ne, bakinsu a ƙone. Na ari abin auna gishiri irin na masu ruwan leda, ya nuna ruwan da ya fito daga bututu kusan daidai yake da wanda ya shiga. Gawayi ba ya kama gishiri. Sodiyam ɗin soda da na haidirosalfait da na gishirin rini duk suna nan, shi kuwa sodiyam idan ya taru a lambu yana kashe laushin ƙasa, ta daskare ruwa ya ƙi shiga.

Saboda haka ruwan nan ba na sha ba ne, ba na dabba ba, ba na shuka ba. Inda ya dace da shi baho. Goggo ta gwada shi a wankin farko na shadda mai duhu, ta ce ba ta ga bambanci ba. Tunda sayen ruwa take a wajen 'yan garuwa, a nan ne karo na farko da na ga ta kalli durowan da idon ciniki.

15 ga Maris

Azumi, kuma rini ya yi yawa saboda ɗinkin Sallah. Bututun da kan yi kwanaki yanzu ba ya jimawa yake ƙoshi. Totuwa ta yi wuya, tsibin kaka ya ƙare, masu waina da ƙosai sun kwashe don hura wuta. Baɗi sai an tara tun Nuwamba. A yanzu ɓawon gyaɗa ke riƙe da mu.

Matsalar da ta fi damuna ta taru a buhuna biyu: tabon duro na farko, da gawayin da ya ƙoshi. Launin da ya bar ruwa yana cikinsu. A wasu wurare gawayin sharar gona taki ake yi da shi, kuma wani mai lambu ya riga ya zo nema. Ban ba shi ba. Wasu launukan na ɗauke da ƙarfe a jikinsu, ruwan tsanwa mai hasken nan sau da yawa tagulla ce a tsakiyar ƙwayarsa, wasu kuma kuromiyam. Wuta ba ta cin ƙarfe. Murhu ma bai dace ba, ballantana gashin masara ko tsire. Maganar dattijo mai gawayi cewa ko shayi ba zai dafa ba ta zama kariya, amma ba zan dogara da ita ba, buhunan suna ɗaki a kulle.

Tsohon marinin ya tuna mini cewa su ba su zubar da katsi, wato tabon da ke kwanta a ƙasan ramukansu. Kwashewa suke su ƙona, wani ya koma rini, wani a haɗa shi da dafara da gashin dabba a yi laso, a shafe rami da soro. Daga nan na ɗauki shawarar gwada siminti. Mai buga bulo a hanyar Dogarawa ya yarda ya zuba ɗan kaɗan a kwaɓinsa, mudu ɗaya a baro, muka buga 'yan ƙanana tare da wasu da babu komai a ciki. In sun bushe za a jiƙa su a bokiti, a kai ruwan Samaru a duba ko launi ko tagulla na fita, a kuma gwada ƙarfinsu. In sun tsallake, na katanga ne kawai, ba na ɗakin kwana ko rijiya ba.

Goggo ta ce bayan Sallah wasu mata biyu masu rini a Tudun Jukun suna son ganin durowan. Ta riga ta gaya musu kuɗin duro da na bututu. Tambayar da suka aiko da ita ita ce wa zai riƙa ƙona musu gawayin, kuma nawa ne buhu. Ƙanena ya ce zai karɓi ƙonawar in za a biya shi kirare da ladan daka. Na ce ya rubuta abin da ya kashe a ƙonawa ta gaba, har da kuɗin Keke Napep, mu ga inda farashin zai tsaya.